Barci Ƙanin Mutuwa: Tsakanin Minshari da Bugun Zuciya

Hausawa kan ce barci ƙanin mutuwa ne. A aji mun rubuta wannan karin magana, mun haddace shi domin jarrabawa. To amma akwai mutanen da maganar take neman tabbata a kansu kowane dare ba tare da sun sani ba. Su ne waɗanda numfashinsu yake ɗaukewa a cikin barci, sau da yawa kafin gari ya waye. Abin da nake so in tattauna da mai karatu shi ne yadda wannan ɗaukewar numfashi take rikita bugun zuciya, da kuma abin da ya sa batun ya dame ni, alhali ni ɗalibin harshe ne.

Ni Bayarabe ne, haifaffen Ibadan. A bakin maƙwabtanmu na unguwar Sabo na fara tsintar Hausa, domin a kusa da nan mahaifina yake da shagon sayar da kayan mota. Kalmar minshari tana cikin kalmomin da na fara sani, kuma albarkacin mahaifina na san ta. Mutum ne mai jiki, mai kaurin wuya. Da rana ta take, sai gyangyaɗi ya kwashe shi a kan benci, abokansa su yi ta raha suna cewa Baba ya tayar da janareta. Shi ma idan ya farka tare da shi ake dariyar.

Mahaifiyata ce kaɗai ba ta dariya. Takan ce ƙarar ba ta damunta, shirun da ke biyo baya shi ne yake ba ta tsoro. Yana cikin minshari sai ya yi tsit, ƙirjinsa yana ta kokawa amma iska ba ta shiga, can sai ya zabura kamar wanda aka shaƙe, ya ja numfashi da ƙarfi, ya koma barci. Da safe ya tashi da ciwon kai da bushewar baki, ga gajiya kamar wanda ya kwana yana noma. Daga baya ya fara kukan cewa ƙirjinsa yana dukan uku-uku ba tare da wani abin tsoro ya faru ba. Da aka je asibiti, likita ya taɓa jijiyar hannunsa, aka ɗauki zanen bugun zuciyarsa, sannan likitan ya juya wajen mahaifiyata ya ce, "Mama, yaya barcinsa yake?" Wannan tambaya ce ta sa na shiga karatu a kan batun, domin in san me ya haɗa maƙogwaro da zuciya.

Ga abin da na fahimta. Idan mutum ya yi barci, naman da ke kewaye da maƙogwaronsa yakan saki. A wajen wasu, musamman masu ƙiba ko kaurin wuya, hanyar iska takan tsuke, iska ta riƙa wucewa da ƙyar tana kaɗa naman. Wannan shi ne minshari. Idan hanyar ta toshe gaba ɗaya na daƙiƙa 10 ko fiye, likitoci suna kiran abin afniya, kalmar da ta samo asali daga Girkanci, ma'anarta rashin numfashi. Ana auna tsananin ciwon da yawan tsayawa ko raguwar numfashi a cikin awa ɗaya. Daga 5 zuwa 14 mai sauƙi ne, daga 15 zuwa 29 matsakaici ne, daga 30 zuwa sama kuwa mai tsanani ne. Da aka kwantar da mahaifina dare ɗaya aka maƙala masa wayoyin awo, an same shi a rukuni na uku.

Ita kuwa zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan gurbi da ke aika siginar lantarki, shi ne yake ba zuciya umarnin bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan baligi yana hutawa. Mu da muka karanta aruli mun san cewa baiti yana tafiya ne bisa kari, idan gaɓa ɗaya ta kauce kunne zai ji karin ya karye. Haka bugun zuciya yake da nasa karin, kuma ɗaukewar numfashi tana karya shi ta hanyoyi uku. Na farko, iskar oksijin takan ragu a cikin jini, zuciya ta rage gudu. Na biyu, ƙwaƙwalwa takan firgita ta farkar da mutum, jiki ya saki sinadarin firgici, sai zuciya ta zabura da gudu, jini ya hau. Na uku, yunƙurin da ƙirji yake yi na jan iska ta toshasshiyar hanya yakan ja bangon ɗakunan zuciya na sama, mai laushi ne kuwa. Mai karatu ya ƙiyasta wannan yana faruwa sau 30 a awa, dare bayan dare, shekara da shekaru. A hankali ɗakunan sukan buɗe su yi tabo, siginar lantarki ta rikice, maimakon su matsa sau ɗaya da ƙarfi sai su riƙa karkarwa. Wannan karkarwar zuciya ita aka samu a jikin mahaifina. Haɗarinta shi ne jini yakan kwanta a ɗakin ya yi guda, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Mai wannan ciwo ya ninka wanda ba shi da shi kusan sau biyar wajen haɗarin shanyewar.

Masana sun daɗe da lura da wannan dangantaka. A shekarar 1983, Christian Guilleminault da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka sun duba mutum 400 masu ɗaukewar numfashi, suka tarar kashi 48 cikin ɗari sun sami rikicewar bugun zuciya a cikin dare. A 2005, masu bincike na asibitin Mayo sun duba lokacin da mutuwar fuju'a ta ciwon zuciya take zuwa wa mutane. A cikin masu ɗaukewar numfashi, kashi 46 cikin ɗari sun rasu ne tsakanin sha biyun dare da shida na safe, a cikin waɗanda ba su da ciwon kuwa kashi 21 ne kawai. Wato lokacin da zuciyar sauran mutane take hutawa, a lokacin ne tasu take shan wahala. Wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya nuna cewa mutane miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 suna da ciwon a duniya, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashe goma da suka fi yawan masu shi.

Shin akwai magani? Akwai. A 1981 wani likita a birnin Sidni na Ostareliya mai suna Colin Sullivan ya fito da na'urar da ake kira CPAP, wadda take hura iska a hankali ta hanci domin maƙogwaro ya zauna a buɗe. Tana kawar da minshari da gyangyaɗin rana. Sai dai wani babban gwaji da aka buga sakamakonsa a 2016 bai nuna cewa ta rage bugun zuciya mai kisa ko shanyewar jiki ba, ga shi kuma, a matsakaicin lissafi, waɗanda aka gwada ba su wuce awa uku da 'yan mintoci suna sanye da ita a dare ba. Saboda haka na'urar ba ta maye gurbin maganin zuciya. Mahaifina yana amfani da ita, bayan dangi sun yi karo-karo an saya, an haɗa da batir saboda ɗaukewar wuta. Yana kuma shan maganin hawan jini da na hana jini yin guda, ya rage ƙiba, ya daina kwanciya rigingine. Yanzu yakan wuni a shago ido biyu, abokansa suna tambayar ina janareta ya shiga.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, mai wannan ciwo ba ya jin kansa. Idan aka ce masa "Ina kwana?" zai amsa "Lafiya lau" da zuciya ɗaya, domin bai san abin da ya faru da shi cikin dare ba. Shaidarsa tana hannun wanda suke kwana ɗaki ɗaya, ko mata, ko miji, ko ɗan'uwa. Mu ɗalibai da muke kwana mutum huɗu ko shida a ɗaki, mun san mai minsharin cikinmu, har laƙabi mukan sa masa. Ba kowane minshari ne ciwo ba. Amma idan ana jin shiru a tsakani, sannan zabura, ga barci a aji kullum, ya kamata a gaya masa cikin mutunci ya ga likita. Haka kuma idan mun je hutu, mu saurari barcin iyayenmu.

Daga ƙarshe, akwai aikin da ya rataya a wuyanmu mu masu nazarin harshe. Mahaifiyata ta ga alamomin shekaru da dama, amma ba ta da sunan da za ta kira abin da shi, shi ya sa ba ta san cewa na kai wa likita ba ne. Iyaye nawa ne a Sabo da sauran unguwanni suke cikin wannan hali? Idan muka samar wa ciwon suna mai sauƙi da Hausa da sauran harsunanmu, muka kai shi rediyo da kasuwa da ɗakin jiran likita, mun taimaka gwargwadon iliminmu. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.