Tsohuwar Kwamfuta Da Katin Hoto: Yadda Na Yi Nawa Lissafin



Da yawa daga cikinmu a nan Legas da tsohuwar kwamfutar tebur muke neman abinci. Wani katin biki yake bugawa a Agege, wani hoton fasfo yake wankewa a Mile 12, wani kuma fom ɗin JAMB yake cike wa yara a Idi-Araba. Galibin kwamfutocin nan tokumbo ne, irin su Dell OptiPlex da HP da ofisoshin Turai da Amurka suka gama mora aka loɗo mana a kwantena. Suna da ƙarko, babu musu. To amma ranar da aiki ya fara yi musu nauyi, shawarar farko da za a ba ka ita ce ka sa mata girafik kad, wato katin hoto, wanda ake sokawa a jikin bod ya ɗauke wa firosesa wahalar hoto da bidiyo. Shawarar ba ta da laifi. Inda gizo ke saƙar shi ne wane katin, domin kati mai kyau a kwamfutar wani zai iya zama asara a taka.

Ni sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna, in haɗa in tace in miƙa wa masu shi. Kwamfutata OptiPlex 9020 ce mai dogon akwati, firosesarta Core i5-4590, 'yar shekarar 2014. Shekaru tana min aiki lafiya, har lokacin da dangin amarya suka fara turo min bidiyon da suka ɗauka da iPhone, suna cewa a haɗa da nawa. Waɗannan wayoyin suna adana bidiyo a tsarin HEVC, wasu ma a girman 4K, kuma firosesa irin tawa an ƙera ta tun kafin tsarin ya yaɗu. Da ƙarfin tsiya take warware shi. Sai ka ga hoto yana tsalle-tsalle, murya ta wuce ta bar baki a baya. Fitar da bidiyon awa ɗaya kuwa sai in bar ta ta kwana tana yi, in aka ɗauke wuta a tsakiya a koma farko. Ga bukukuwan bayan Sallah sun taho, na riga na karɓi kafin alƙalami na guda uku. Kuɗin da ke hannuna kwasar adashe ne, ba zai sake zagayowa kaina ba sai bayan wata goma. Saye ɗaya gare ni, babu na biyu.

Tambayar da na fara yi wa kaina ita ce, shin ciwon na kati ne? Wannan tambayar na fi so kowa ya riƙe. In aikinka buga takardu ne, cike fom, Word da Excel, ko zanen katin gayyata a CorelDRAW, katin hoto ba zai canza maka komai na a zo a gani ba. Kwamfutar da ke ɗaukar minti biyar kafin ta tashi, tsohon had-dis ne ke riƙe ta, maganinta SSD. Wadda ke sandarewa in ka buɗe manhaja uku, RAM take nema. Duka biyun sun fi kati sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Ni na riga na sa SSD, RAM ɗina kuma gig 16 ne. Da na buɗe Task Manager ina tsaka da aiki, sai na ga firosesa ce a ɗari bisa ɗari, sauran suna hutawa. A nan na tabbata kati nake buƙata, kuma katin da ya iya warware bidiyo da fitar da shi da kansa.

Daga nan ban nufi kasuwa ba, marfin akwatin na buɗe na karanta takardar da ke manne a jikin fawa-fak. An rubuta wat 290. Wannan lambar ce alƙaliya a dukkan cinikin. Ramin da ake soka kati a jikin bod, wanda ake kira PCIe, wutar da yake iya bayarwa ba ta wuce wat 75 ba. Duk katin da ya fi haka ci sai an jawo masa waya ta daban mai baki 6 ko 8 daga fawa-fak, kuma fawa-fak ɗin irin waɗannan kwamfutocin ofis ba ya zuwa da wannan wayar.

Ina da ƙani da ke taya ni aiki a shago, shi ya ƙyalla ido a kan RX 580. Ya ce, "Yaya, wannan fa gig 8 ne, kuma kuɗinsa bai kai na mai gig 4 ɗin da kake magana ba. Ai ko makaho ya san wanda zai ɗauka." Na ce masa ya ɗauko biro. RX 580 wat 185 yake ci. Firosesata wat 84. An tashi 269 ke nan, ba a sa bod da fankoki da SSD da had-dis ba. Kamfanin AMD da ya ƙera katin ma fawa-fak mai wat 500 ya ce a haɗa shi da shi. Ya ce to a canza fawa-fak ɗin mana. Na nuna masa wayar da ke shiga bod ɗinmu: baki 8 gare ta, irin ta Dell, alhali fawa-fak na kasuwa baki 24 yake da shi. Sai an nemo wayar juyi, a sayi sabon fawa-fak mai kyau, kafin ka ankara kuɗin ya ninka. Araha dai ba ta ado.

Akwai wata 'yar waya da ake sayarwa mai juya wutar had-dis ta koma baki 6. Za a ce maka da ita an gama magana. Bakin wutar had-dis bai kai ya ɗauki wat 75 da baki 6 ke buƙata ba, shi ya sa irin wayar nan take zafi har ta narke. Shagon da ke cike da takarda da katako ba wurin gwada wannan ba ne.

Sannan ga lissafin wuta, wanda mu a nan ba ma iya mantawa da shi. Tsakanin kati mai wat 75 da mai 185 akwai ratar wat 110. In katin yana aiki da ƙarfinsa awa takwas, kusan yunit guda ke nan a kullum. Tun watan Afrilun 2024 da aka kai kuɗin yunit na 'yan Band A naira 225, kowa ya koyi ƙirga yunit. Ƙaramin UPS ɗin da yawancinmu ke da shi kuwa, kati mai cin wuta yana zuƙe shi kafin yaro ya kai ga tayar da janareta.

Da haka sai zaɓina ya dawo kan katunan da ke wadatuwa da wutar rami kaɗai. Ba su da yawa, kuma kowanne da halinsa. GT 1030 na 2017 wat 30 kawai yake ci, yana warware bidiyo amma ba shi da sashen fitar da shi, don haka bai yi min ba. Mai son sa don kallo ko ƙananan wasanni ya lura, iri biyu ne masu suna ɗaya: mai GDDR5 da mai DDR4, na biyun ya yi kusan rabin na farkon a gudu. RX 6400 na 2022 ƙarami ne, wat 53, amma shi ma an cire masa sashen fitar da bidiyo, kuma hanya huɗu kawai yake amfani da ita a cikin ramin, abin da ke rage masa ƙarfi a tsohon bod. Katunan Intel Arc sun iya bidiyo sosai, sai dai suna son wani tsari da ake kira Resizable BAR wanda bod irin nawa bai san shi ba. GTX 1050 Ti na 2016 ya yi aikinsa a zamaninsa, amma daga ƙarshen 2025 Nvidia ta daina fitar wa jerinsu sabbin direbobi sai na toshe ɓarakar tsaro. RTX 3050 mai gig 6, na 2024, shi ne ya fi su duka, wat 70 ba ya neman waya, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin adashena. Tun da aka saki naira a 2023, kayan nan dala suke bi.

Wanda ya rage shi ne GTX 1650 na 2019, gig 4, wat 75, yana warware HEVC yana kuma fitar da shi. A kansa na tsaya. Shi ma sai an duba, domin wasu kamfanonin suna yin nasu da ramin waya mai baki 6. Ka juya katin ka dubi gefensa na sama da idonka, kada ka tsaya ga abin da aka rubuta a kwali.

Masu siririn akwati, wanda ake kwantarwa a ɗora allo a kai, ku naku lissafin ya fi nawa tsauri. Fawa-fak ɗinku ya fi ƙanƙanta, kuma gajeren kati kawai ke shiga, mai gajeren ƙarfen ɗauri. A wasu akwatunan ramin yana jikin fawa-fak, kati mai kauri ba zai zauna ba ko da gajere ne. Ku auna da tef kafin ku fita.

Na tafi Ikeja da kwamfutar a hannu, don ba na cinikin biri a sama. Wani dattijon mai gyara da na saba da shi ne ya raka ni. Kafin mu shiga layin shagunan wani matashi ya tare mu da kati a leda, an rubuta GTX 1050 Ti, kuɗin kamar kyauta. Dattijon ya karɓa ya juya bayansa ya miƙa masa abinsa. Da muka wuce na ce, "Baba, me ka gani?" Ya ce, "Ɗana, ba ka ga shuɗin ramin VGA ba? Na gasken ba ya zuwa da shi." Irin waɗannan tsofaffin katuna ne kamar GTS 450 na 2010, ake sauya musu suna a ciki har kwamfuta ta yarda. Suna nuna hoto lafiya, sai ka ɗora musu aiki su watse. Akwai ƙaramar manhaja kyauta mai suna GPU-Z da ke tona asirinsu: 1050 Ti na gaske ƙwayoyin aikinsa 768 ne, GTS 450 kuwa 192. Na GTX 1650 na asali 896. Ka tafi da ita a filashi.

Wani abin lura kuma, tun watan Satumban 2022 da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin hoto, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya, kuma RX 580 na gaba-gaba a cikinsu. Dalilin arahar da ta ja hankalin ƙanina ke nan. Ba duka ne matattu ba, amma ba ka san wahalar da kowanne ya sha ba.

A shagon da muka saya, a cikin tawa kwamfutar aka soka katin. Muka ɗora masa FurMark minti goma sha biyar muna kallon zafinsa, muna sauraron fanka, muna duba ko allo zai yi ɗigo-ɗigo ko layi-layi. Na sa aka rubuta lambar jikin katin da kwanakin garanti a rasit. Mai shagon kirki ba ya jin haushin wannan. Wanda ya ce ba shi da lokacin gwaji, ka ba shi lokacinsa ka yi gaba. Na kuma sayi 'yar na'urar juya HDMI zuwa VGA, saboda tsohon allona VGA ne kuma katin ba shi da wannan ramin. In ka koma gida, wayar allo a jikin katin za ka soka, ba a tsohon ramin bod ba. Mutane da yawa suna sayen kati su ci gaba da aiki ba tare da shi ba saboda wannan kaɗai.

Sakamakon da na gani daidai yake da abin da na biya. Bidiyon iPhone ya daina tsalle. Aikin da ke kwana yanzu ina gama shi tsakanin azahar da magariba, bukukuwan nan uku na miƙa su a kan lokaci. Amma in na jibga ado da canjin launi da yawa, har yanzu firosesar tana nishi, domin kati ba ya mayar da tsohuwa yarinya. Ƙanina ya samu yana buga GTA V da ƙwallo bayan an tashi aiki, ya daina zancen gig 8.

Akwai dalili na ƙarshe da ya hana ni zuba wa kwamfutar nan kuɗi fiye da haka. Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga firosesar Intel zubi na 8 ta fara karɓa. Tawa zubi na 4 ce. Kwananta a shago ƙidayayyu ne. Da na sayi sabon fawa-fak da wayar juyi da babban kati, da na gina bene a kan filin aro. Shi kuwa wannan katin, ranar da na samu halin sayen wata kwamfutar, zan zare shi in soka a can.

Don haka ɗan uwa, kafin ka hau mota zuwa Ikeja ko Alaba, ka ɗauki hoto uku da wayarka: takardar jikin fawa-fak, cikin akwatin inda ramin yake, da bayan allonka inda waya ke shiga. Ka rubuta sunan firosesarka da manhajar da kake aiki da ita. Da waɗannan a hannu, duk mai gyaran da ya san aikinsa zai faɗa maka katin da ya dace da kai cikin minti biyu, ko ma ya ce ka riƙe kuɗinka ka sayi SSD. Daidai ruwa daidai tsaki.

Allah Ya ba kowa sa'ar kasuwa.