Yini Guda Tsakanin Ƙofar Ruwa Da Sabon Gari Saboda Kwamfiresa

Kasuwar Ƙofar Ruwa kunne ne ke fara shigarta kafin ƙafa. Tun daga bakin titi ake jin ƙarar guduma a kan ƙarfe, da kukan injin yanka, da ihun masu kura suna neman hanya da lodin rodi. Tana arewacin tsohon birnin Kano, ba nisa da Dutsen Dala, kuma ta ci sunan ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar da tarihi ya ce an soma gina ta a zamanin Sarki Gijimasu. Abin da ke kai mutane wurin a yau shi ne kayan gyaran mota, sababbi da na hannu, da ƙarafan gini, da kuma yardar da Kanawa suka yi cewa duk abin da aka ƙera da ƙarfe, in ya mutu, a Ƙofar Ruwa ake tashinsa.

Mu huɗu muka shiga kasuwar wata Asabar da hantsi, dukkanmu ɗaliban injiniya da ke zaman koyon aiki na SIWES a wani garejin gyaran jikin mota da fenti. Maigidanmu ne ya aike mu, kuma aiken nasa tambaya ce guda: kwamfiresar garejin, a gyara ta ko a sayi sabuwa?

Ga 'yan uwa ɗalibai da ba su san ta ba, kwamfiresa ita ce injin nan da kuke gani a wurin mai faci. Sassanta manya uku ne. Akwai mota mai aiki da lantarki, wasu kuma injin fetur suke sawa. Akwai kai, inda fistin ke zuƙo iska ya matse ta. Sai tanki, inda iskar ke taruwa har a buƙace ta. Tamu mai bel ce, tankinta lita 200, kuma tana kashe kanta idan geji ya kai ba 8. Tayar ƙaramar mota ba 2 da 'yan kai take sha, ku kwatanta. A garejin fenti, in babu ita babu aiki, domin da iskarta ake fesa fenti, da ita ake kaɗe ƙura.

Ciwon nata uku ne. Da safe motar sai ta yi ta gurnani ta ƙi tashi, sai an taimaka mata da hannu. In ta tashi, cika tankin da a da ba ya wuce 'yan mintuna ya koma dogon jira, ga kuma baƙin mai na biyo iska yana ɓata fenti, jikin mota ya fito da ƙananan ramuka kamar zanzana. Na ukun shi ne wanda ba ya damun kowa: wani ɗan huci a ƙarƙashin tankin, wanda sai gareji ya yi tsit ake jin sa. Motoci uku na jiran fenti, masu su sun fara kira, ɗaya ma ta biki ce. Muka kwance motar da kan muka zuba a Adaidaita Sahu, tankin kuwa muka ɗauki hotunansa a waya, ciki har da wani tsohon facin walda da muka gani a cikinsa na ƙasa.

Layin masu naɗin koyil muka fara nema. Rumfuna ne ƙanana, ko'ina jar waya da warin banish. Wani dattijo ya karɓi motar, bai ko ɗauko mita ba sai da ya fara kai ta hancinsa ya sunsuna. Koyil ɗin da ya ƙone yana da warinsa, wannan kuwa ba shi da shi. Sannan ya gwada, ya buɗe ɗan akwatin da ke gefe ya nuna mana kafasita ta kumbura. Ita ce ke ba irin wannan motar ƙarfin tashi, kuma ƙarancin ƙarfin wuta na cikin abubuwan da ke kashe ta. Ya ce, "Samari, ku gaya wa maigidanku kada ya yi wasa da motar nan. Wayar cikinta tagulla ce zalla." Kuɗin kafasitar bai kai abin da muka kashe a mota da abinci ran nan ba. Da ma a ce duk ciwo haka yake.

Kan ya ɗan fi ba da aiki. A wata rumfar aka kwance shi a gabanmu, muka ga faifan bawul ɗin ya yi baƙi ƙirin, ɗaya daga cikin 'yan siraran harsunan ƙarfen da ke buɗewa da rufewa ya tsage, shi ya sa iskar da aka matse take komawa inda ta fito. Zobban fistin sun cinye, ta nan mai ke hawowa. Mai gyaran ya tambaye mu ina matatar iskar. Babu ita, ta daɗe da faɗuwa. Wanda ya san ƙurar hunturun Kano ya san abin da injin nan ya shekara yana haɗiya. Duk da haka bangon silindar bai karce ba, kuma na zubin baƙin ƙarfe ne. Zobba, faifan bawul, gaskit, matata, duk an same su ba tare da mun bar layin ba, sai dai wani yaro ya ruga ya dawo. Abin da ya fi burge mu a kasuwar ke nan: ba kowa ke da komai ba, amma kowa ya san wanda ke da shi.

A kan tanki ne magana ta rabu biyu. Mai waldar farko da muka nuna wa hoton ya ce aikin minti goma ne, mu kawo kawai. Farashin da ya faɗa ma abin dariya ne don araha. Na biyun, wanda ya girme shi, ya ƙura wa hoton ido, ya ƙara girmansa da yatsu, ya tambaye mu yaushe rabon da a buɗe ɗan famfon da ke ƙasan tankin. Muka ce tun zuwanmu garejin a cije yake da tsatsa. Ya miƙo mana wayar ya ce shi ba zai taɓa shi ba, ko nawa za a ba shi.

A nan ne karatun aji ya haɗu da na kasuwa. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da tururin ruwa. Idan aka matse ta, ta huce a cikin tanki, tururin sai ya koma ruwa ya kwanta a ƙasa, musamman da damina. Don haka aka yi wa tankin wannan ɗan famfon, a riƙa zubar da ruwan kullum. In ba a yi ba, tsatsa na cin ƙarfen daga ciki alhali fentin waje na ta sheƙi. Ranar da huji ya ɓullo, ba wurin kaɗai ne ya lalace ba, nan ne dai ya riga sauran. Walda za ta toshe hujin, amma ba za ta mayar da kaurin da ya tafi ba, zafinta ma yakan ƙara raunana ƙarfen da ke kewaye. Muka yi lissafi a bayan takardar rasit. Ba 8 na nufin nauyin kusan kilo 8 a kan kowane murabba'in santimita. Wuri mai faɗin tafin hannu, a ce santimita 10 tsawo 10 faɗi, yana ɗauke da kusan kilo 800, wato buhun siminti 16. Kuma iska ba kamar ruwa take ba, tana matsuwa ta tara ƙarfi, idan ta samu hanya sai ta yaga ƙarfen gaba ɗaya. A gindin tankin nan yaran garejinmu suke zama cin abincin rana, saboda nan ne inuwa.

Bayan azahar muka hau wani Adaidaitan muka nufi Sabon Gari ta Fagge, don mu ji farashin sababbi. Wata duniyar ce daban. A titin France Road kaya a cikin kwali suke, janareto da injin ban ruwa da kwamfiresoci jere a bakin shaguna, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, ciniki kuma rabi Hausa rabi Turancin buroka. Yawancinsu daga Chaina ake shigo da su, don haka farashinsu na bin dala. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a 2023, mai ƙaramar sana'a sai ya yi dogon tunani kafin ya tambayi kuɗin sabon inji. Masu injin fetur kuma cire tallafin mai da aka yi a wannan shekarar ya sa ciyar da su ya zama wani nauyin.

Wadda kuɗin maigidanmu zai iya saya ita ce 'yar lita 50 marar bel, mai saurin juyi da ƙara. Tana da kyau ga mai faci ko mai ƙaramin aiki, amma fesa mota guda ba tare da tsayawa ba ya fi ƙarfinta, za ta yi ta aiki babu hutu har ta yi zafi. Wadda ta kai girman tamu kuwa, kuɗinta ya ninka abin da ke hannunsa. Mun kuma lura cewa lambar ƙarfin doki da ake mannawa da manyan haruffa ba ita ce abin dubawa ba. Abin tambaya shi ne lita nawa na iska injin ke bayarwa a minti guda, kuma ba kowane mai shago ke son wannan tambayar ba. Wani ya amsa mana da cewa ai mu ne 'yan boko, mu karanta da kanmu.

Muka kira maigida muka zayyana masa komai. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ku me kuka gani?" Ba mu saba a tambaye mu haka ba. Muka ce a gyara mota da kai, domin sun fi na sababbin da muka gani ƙwari, a kuma yi ban kwana da tankin. Ya ce waldar fa? Ai an taɓa yi ta zauna. Muka ce ta zauna, amma ga shi huji na biyu ya fito kusa da ita. Ya ce zai kwana da maganar.

Ran Litinin shi da kansa ya koma Ƙofar Ruwa da biyu daga cikinmu, aka samo tanki na hannu wanda injinsa ya mutu ya bar shi. Farantin da ke jikinsa na nan, da shekarar ƙira da iyakar matsin da zai ɗauka. Aka kwance toshiyar gefe aka haska cikinsa da tocila. Sannan aka yi masa gwajin ruwa: aka cika shi taf, aka ɗana famfon hannu irin na masu gwada bututu, aka kai geji ba 12, wato ninki ɗaya da rabi na abin da zai riƙa ɗauka, aka bar shi. Da ruwa ake gwajin saboda ruwa ba ya matsuwa, ko da tankin ya gaza, tsiyaya zai yi. Allurar ba ta motsa ba. Aka sa masa sabon bawul na kariya, wanda ke sakin iska da kansa idan matsi ya wuce ƙima, da sabon famfon ƙasa. Duka kuɗin bai kai rabin na sabuwa mai wannan girman ba, motar bikin kuma ta fita ran Alhamis.

Tsohon tankin, wani mai faci ya zo har gareji ya taya shi da daraja. Maigida ya ƙi, ya sa aka kwance duk toshiyoyinsa, aka wanke cikinsa, aka tsaga shi biyu da injin yanka. Ƙasansa cike yake da jan laka mai kaurin yatsa biyu, kuma a gefen tsohon facin ɗayanmu ya danna sukundireba ta faɗa ciki. Rabin na ƙasa 'yan gwangwan suka auna a kilo. Na saman, da yake da sauran kauri, wani mai tsire a bakin layinmu ya karɓa, an yi masa ƙafafu huɗu, a kansa yake gashi yanzu.