Cinikin Mangwaro Tun Yana Fure

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, zancen mangwaro ne, domin a gidanmu bishiyoyin da mahaifinmu ya bari a lambu su ne kuɗin makarantar ƙannena, su ne kuma cefanen Inna na watanni.

Manya kan ce idan hunturu ya yi sanyi, to bana za a sha mangwaro. Maganarsu da ƙamshin gaskiya, don sanyin dare ne ke sa bishiya ta dakata da fid da sabon ganye ta koma yin fure, daga Disamba zuwa Fabrairu. Da zarar ta yi fari fat sai dillalai su fara zarya, su sayi amfanin lambu tun ba a ga ɗa ko guda ba. Daga mai saye har mai sayarwa yawan furen suke kallo, alhali abin da zai yanke hukunci ya fi ƙarfin ido.

Ka ga, mai karatu, reshe ɗaya na ɗauke da ɗaruruwan furanni, wani har dubbai, kuma da yawansu maza ne zalla, ba za su taɓa zama 'ya'ya ba. Sauran kuwa sai ƙuda ko zuma ya kawo musu ɗan garin nan na fure ya sauke a kan tsinin macen. Ƙwayar garin tana da rai. Idan ta sauka sai ta tsiro, ta miƙa wani siririn bututu ya gangara har ya iske ƙwan da ke can ciki, sannan a ce fure ya ɗauka. Lokacin da take da shi kaɗan ne, domin tsinin ya fi karɓa a ranar da fure ya buɗe, bayan 'yan kwanaki kuma shi ke nan.

A nan zafi da sanyi suke shigowa. Garin furen mangwaro ya fi son wajen digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas. Idan aka sauko ƙasa da 15, tsirowa sai ta yi wuya, bututun ya riƙa jan ƙafa har lokaci ya ƙure. Daren Janairu kuwa a Kano ko Zariya yakan sauko ƙasa da haka. Wato sanyin da ya kira fure, idan ya zarce, shi zai hana shi ɗauka. Daga nan ake samun 'yan mitsi-mitsin nan da ba ƙwaya a cikin ƙwallonsu, su ƙi girma, yawanci su zube. Furen da ya makara kuma har zafin Maris ya cim masa, rana tana haura 35, sai garin ya raunana, tsinin ya bushe. Ko a shekara mai kyau, furen da ke kaiwa ga nuna bai cika kai ɗaya cikin ɗari ba.

Shi ya sa duk shekara nake ce wa Inna, don Allah a yi haƙuri da ciniki sai 'ya'yan sun kai girman ƙwan zabo. Takan ce da ni tsuntsu ɗaya a hannu ya fi goma a dawa, kuma ban isa in musa ba, mai buƙata ba ya jira. Sai dai cinikin fure caca ne. In dare ya yi sanyi da yawa dillali ya dawo yana neman ragi, zumunci ya ɓaci. In yanayi ya daidaita ya kwashe riba, mai lambu yana kallo.

Shawarata ga mai lambu, ya riƙa lura da irin daren da furensa ya buɗe a ciki, ya kuma guji feshin magani a lokacin, kada ya kori ƙudan da ke masa aiki kyauta. Allah ya ba mu shekara mai albarka. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.