Malfar Zabiya a Karfi

Ƙarshen damina na sauka a Karfi, a ƙasar Malumfashi, lokacin da masara ta bushe a kara, auduga kuma ta fara buɗe farin bakinta. A bakin wata gona na ga wani saurayi zabiya yana karyar masara da tsakar rana, kansa ba ko hula. Wuyansa ya yi jawur, leɓɓansa sun tsattsage, yana runtse ido kamar mai leƙen rijiya. Wasu yara da ke wucewa suka yi masa ihun "Baturen gida", bai ko waiwaya ba.

Fatar zabiya ba ta da isasshen sinadarin da ke ba jiki launi yana kuma kare shi daga zafin rana. Gado ne daga uwa da uba duka, ko da su biyun baƙaƙe ne. Shi ya sa ranar da ke nunar da hatsi take ƙone shi, har ƙunar ta kan zama sankarar fata. Ga raunin gani, wanda ke sa malami ya ɗauki yaro daƙiƙi alhali allo ne ba ya hange.

A wasu ƙasashe an yaƙi tsangwamar da fasaha. Salif Keita na Mali, wanda aka haifa a 1949, ya mai da muryarsa makami. A 2016 aka yi gasar sarauniyar kyau ta zabiyoyi a Nairobi, a 2019 kuma Thando Hopa 'yar Afirka ta Kudu ta hau bangon mujallar Vogue ta Fotugal. Nan gida, Jake Epelle ya kafa gidauniyar zabiyoyi a 2006, ana kuma tunawa da su duk 13 ga Yuni. Abin mamaki, Bahaushe da kalma ɗaya yake kiran mai farar fata da mace mai ba da waƙa, amma na farkon bai taɓa ba shi fage ba.

Sai dai Karfi ba ta karanta Vogue. Adon da zai yi aiki a nan yana rataye a kasuwa tun kaka da kakanni: malfa mai faɗin baki, da taguwa mai dogon hannu ta audugar da ƙasar Funtua ke nomawa. Matsalar ita ce samari na ganin malfa kayan tsofaffi da makiyaya ce. Da telolinmu da masu saƙa za su ƙawata ta, a ga jarumin Kannywood ya ɗora ta da alfahari, zabiya zai sa ta ba tare da an ce ciwo ya sa shi ba.

Na saya wa saurayin guda. Ya jujjuya ta, ya yi murmushi, ya ce abokansa za su yi masa dariya. Da motarmu ta tashi, na hango ta rataye a reshen ɗorawa.