Layi Ya Gitta Layi: Me Ya Sa Lissafin Zane Yake Fitowa Daidai?

Akwai wani ɗan gajeren bidiyo da ya daɗe yana yawo a wayoyin jama'a, daga YouTube ya faɗo Facebook, daga nan ya shiga zaurukan WhatsApp. Hannu kawai ake gani a cikinsa, riƙe da alƙalami. Sai a ja layuka a karkace, a ja waɗansu su gitta su, a ƙirga wuraren da suka haɗu, sai ga amsar lissafin sau ta fito. Wasu suna kiransa lissafin Japanawa, wasu kuma na Sinawa. Abin da ya dame ni da bidiyon shi ne yana nuna yadda ake yi, amma ya yi gum a kan dalili. A nawa ganin kuwa, dalilin yana bakin duk wanda ya iya ƙirga da Hausa, saboda haka mu ɗaliban harshe muna da ta cewa.

Ɗan'uwa mai karatu, ɗauko biro mu gwada 23 sau 12. Daga hagu za ka riƙa farawa. Ja layi 2 a karkace, ka bar tazara, ka ja 3 a gefensu. Sa'an nan ka ja layi 1 ya gitta su duka, ka bar tazara, ka ja wasu 2. Zanen zai fito da kusurwa huɗu, a tsaye bisa tsininsa. A kusurwar hagu mahaɗa 2 za ka gani. A tsakiya gungu biyu ne, na sama 4, na ƙasa 3, jimla 7. A kusurwar dama kuwa 6. Jera su, ka sami 276, kuma amsar ke nan.

Dalili na farko mai sauƙi ne. Kowane layi na wannan ɓangare yana haɗuwa da kowane layi na wancan ɓangare sau ɗaya tak. Idan layi 3 suka gitta layi 4, kowane ɗaya daga cikin ukun ya ratsa huɗu, wato huɗu sau uku. 'Yan dara sun san haka tun da daɗewa, domin wanda ya haƙa gurabu shida-shida jeri biyar ba ya buƙatar ƙirga su ɗaya bayan ɗaya kafin ya san 30 ne. Ita kanta kalmar "sau" 'yar'uwar "sawu" ce. Mai baro da ya yi sawu uku da buhu hurhuɗu, da wanda ya yi sawu huɗu da buhu uku-uku, wahalarsu ta bambanta, amma buhu 12 kowa ya sauke. A baki wannan yana buƙatar ɗan tunani. A zane kuwa juya takardar kawai za ka yi, mahaɗan ba su ƙaru ba, ba su ragu ba.

Dalili na biyu shi ne tazarar nan da aka bari tsakanin layukan, kuma a nan ne harshe ya shigo. Yaya muke karanta 23? Ashirin da uku. Wannan "da" ɗin shi ne tazarar. Layi biyun farko ba biyu ba ne, kowanensu goma yake wakilta. Kakanninmu ma sun fi mu fito da abin fili, domin kafin ashirin da talatin da arba'in na Larabci su zauna daram a bakinmu, gomiya biyu da gomiya uku ake cewa. To, 23 gida ne mai mutum biyu, ashirin da uku. Haka 12, goma da biyu. Idan mutanen gida biyu suka haɗu, kowa ya ba kowa hannu, musafaha huɗu za a yi: ashirin sau goma 200, ashirin sau biyu 40, uku sau goma 30, uku sau biyu 6. Su ne kusurwoyi huɗun nan. Gungu biyun tsakiya kuwa an haɗa su ne domin dukkansu gomomi ne, 40 da 30, wato 70. Karkata zanen da aka yi dabara ce kurum ta sa ɗaruruwa su faɗa hagu, gomomi tsakiya, ɗaiɗai dama, kamar yadda muke rubuta lamba.

Na ga muhimmancin wannan bayani a gidanmu a Gwagwalada. Ƙanwata 'yar aji huɗu ta kalli bidiyon ta haddace shi tsaf, ta gwada 24 sau 13. Ta sami 2 a hagu, 10 a tsakiya, 12 a dama, ta jera su yadda ta ga ana yi, ta rubuta 21012. Da ta duba a waya ta ga 312, sai ta ce, "Yaya, zanen nan ya yi ƙarya." Na ce ta karanta mini gungun tsakiya da Hausa, ta faɗi me take ƙirgawa. Ta ce goma. Na ce goman me? Ta yi jim, can ta ce, "Goma-goma guda goma... ai ɗari ne!" Daga nan ita da kanta ta tara 200 da 100 da 12. Abin da malaminsu yake kira ɗaukar ɗaya a kai gaba, wanda take yi a makaranta ba tare da sanin me ake ɗauka ba, ranar ta gan shi da idonta.

To, amma fa kada a zuzuta hanyar fiye da kima. Sifili yana ba ta wahala: a 203 babu layin da za a ja a tsakiya, sai an yi layin ɗige-ɗige ya riƙe gurbin, in ba haka ba lambar ta koma 23. Wannan ma darasi ne, domin riƙe gurbi shi ne aikin sifili tun a littafin da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 825 kan lambobin Indiyawa. Manyan lambobi kuwa sun fi ƙarfinta. A 98 sau 97 sai ka ja layi 17 da layi 16, ka zauna ƙirga mahaɗa 272. Ɗan kasuwar Wuse zai riga ka gamawa ko biro bai taɓa ba. Shi 97 a wurinsa ɗari ba uku ne: 98 sau ɗari 9,800, a ɗebe 98 sau uku, wato 294, saura 9,506. Ka lura, ƙa'idar ɗaya ce da ta zanen, a wargaza lamba a yi wa kowane yanki nasa lissafin. Bambancin kawai shi ya yi amfani da "ba" a inda zane ya yi amfani da "da".

Shi ya sa nake jin takaici idan aka ce Hausa ba za ta iya ɗaukar lissafi ba. Yaron da ya ce goma sha biyu ya riga ya faɗi yadda lambar take a rubuce, alhali takwararta ta Ingilishi ba ta nuna masa goma ko biyu a fili, sai dai ya haddace. Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun gwada koyar da firamare gaba ɗaya da Yarabanci a Ile-Ife tun daga 1970, har da lissafi, kuma yaran ba su gaza ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da firamare da harshen uwa, a watan Nuwamba na 2025 kuma, a nan Abuja, Ministan Ilimi ya sanar da soke tsarin. Ga Cibiyar Lissafi ta Ƙasa a Sheda, ƙaramar hukumar Kwali, ba nisa da mu, amma ni dai ban taɓa jin ɗan ajinmu ya ce zai yi kundin digirinsa a kan kalmomin lissafi ba. Kowa waƙa da karin magana. Na fi son "gurbi" ta 'yan dara ga matsayin lamba, da "mahaɗa" ga inda layuka suka gamu, kuma ina jiran wanda zai kawo waɗanda suka fi su.

Kafin nan, gwada 312 sau 21. Gungu shida za ka samu, su jeru a gurbi huɗu, kuma idan ka karkata zanen daidai za ka karanta 6, 5, 5, 2.