Na Iya Poka, Amma Ta Cinye Kuɗin Maigidana

Ina yaron shagon goro a nan Sabo na fara buga poka. Bayan isha'i, in an rufe shago, sai mu taru wajen mai shayi, kowa da wayarsa. Abokina ne ya ja ni. Ya ce, "Kai malam, wannan ba caca ba ce, lissafi ne."

Kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. Kati 52 ne, a ba kowa biyu a hannu, a baje biyar a tsakiya. Gwani ya san lokacin da zai janye da lokacin da zai ƙara kuɗi. Kullum sai abokin nan ya kawo mana labarin Chris Moneymaker, akantan Amurka da ya ci gasar poka ta duniya a Las Vegas a 2003, ya kwashe dala miliyan 2.5.

Na koya, na kuma iya. Wata uku ina ci kaɗan-kaɗan, har na fara jin kaina.

Ran nan Alhaji ya ba ni kuɗin ciniki in kai banki da safe. Da daddare aka raba, sai ga manyan kati biyu a hannuna, waɗanda babu na sama da su. Abokin karawata ma iri ɗaya biyu ya riƙe, amma ƙasa da nawa. A lissafi, cikin karo biyar ni zan ci kusan huɗu. Na zuba kuɗin Alhaji duka. Katin ƙarshe ya faɗo, sai ya zama nasa. Ashe daren nan shi ne na biyar ɗin.

Ban yi kuskuren lissafi ba ko kaɗan, amma kuɗi sun tafi. Gwaninta sai an buga dubban hannu take nunawa, ga masu wurin kuma suna yankar kasonsu. A dare ɗaya sa'a ce ke mulki, aljihun yaron shago kuwa ba ya kai wa dubban hannu.

Da asuba na faɗa wa Alhaji. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Yaro, amanar ta fi kuɗin yi mini ciwo. Ka san hukuncin caca tun kana makarantar allo." Wata bakwai ana cirewa daga albashina, mukullin shago kuwa sai bayan shekara ya dawo hannuna.

Samarinmu na unguwa da nake gani da waya wajen mai shayi, na san wasunku sun fi ni iyawa. Kafin ku zuba, ku dubi kuɗin wa ke hannunku.