Tattaki Domin Wanda Ba Shi Da Ɗaki

A watan Afrilu na shekarar 2015 wani matashi ɗan asalin Jihar Katsina, Sulaiman Hashimu, ya taso daga Ikko a ƙafa, ya yi kwana 18 a hanya kafin ya iso Abuja, domin cika alkawarin da ya yi in Janar Muhammadu Buhari ya ci zaɓe. Bayansa samari da dama suka kwaikwaya, kowa da ɗan siyasar da ya ɗaura wa takalmi. Ban raina wahalarsu ba, amma a cikin dukan masu tattakin nan ban ji wanda ya ce don marasa wurin kwana ya fito ba.

A ƙasar Kanada kuwa an yi wani mutum, Joe Roberts, wanda shi kansa ya taɓa kwanan titi a birnin Vancouver yana saurayi. Ran 1 ga watan Mayu na shekarar 2016 ya tashi daga garin St. John's a bakin tekun gabas, yana tura irin keken ƙarfen nan da ake zuba sayayya a manyan kantuna, watau abin da marasa gida na can kan loda ɗan komatsansu a ciki. Sai ƙarshen Satumba na 2017 ya isa Vancouver, bayan tafiyar fiye da kilomita 9,000. Yana tafe yana tsayawa a makarantu da ƙananan garuruwa, yana bayani a kan samarin da ba su da makwanci, ana kuma tara gudunmawa.

Mai karatu zai ce ai wannan ciwon Turawa ne, mu nan baƙo ba ya kwana a waje muddin akwai zaure da masallaci. Akwai gaskiya a ciki, amma fa wannan karamcin shi ne ya rufe mana ido. A ƙauye marar gida ba ya kwana a ƙarƙashin gada inda mai mota zai gan shi. Yana raɓe ne a rumfar kasuwa, ko a kangon wani, ko a ɗakin ɗan'uwa wanda aka gina don mutum uku ga shi goma sun cushe a ciki. Tunda ba a gan shi a titi ba, sai a ce babu shi.

Mu da muke aikin jarida a Lafiya mun san inda irin waɗannan mutane suke fitowa. A 2012, da Kamaru ta saki ruwan madatsar Lagdo, kogin Binuwai ya cika ya batse, ya cinye gidaje da gonaki a garuruwan bakin ruwa irin su Loko da Tunga, aka kuma maimaita a 2022. Rikicin ƙungiyar Ombatse na 2013 ya tashi ƙauyuka a kewayen Lafiya da Obi. Sa'an nan bayan dokar hana kiwo a fili ta Jihar Binuwai ta fara aiki a Nuwamba 2017, faɗan manoma da makiyaya ya tsallako ƙananan hukumomin Awe da Keana da Doma da Obi a farkon 2018, mutane suka gudu da abin da kai zai iya ɗauka.

A wannan shekarar na je ɗauko labari a wata makarantar firamare a kudancin jihar. An ture bencina gefe guda, an shimfiɗa buhuna, mata suna dahuwa a murhun duwatsu a gindin taga, allo kuma yana nan da sauran lissafin da malami ya bari. Na gaida wani dattijo manomin doya, na ce, "Baba, me kuka fi bukata a nan?" Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ƙofar da zan rufe." Ya ce shekarunsa duka bai taɓa kwana ɗaki ɗaya da surukarsa ba sai a wannan aji. Shinkafa da tabarmi sun zo, an ɗauki hoto, an rarraba. Da aka koma karatu sai aka ce su ba yara wuri, alhali kuwa garinsu toka ne. Ranar da suka bar ajin, ranar suka fita daga lissafi.

A nan ne na ga amfanin mai tafiya a ƙasa. Ayarin motoci yakan shiga gari da hantsi ya fita kafin azahar, ba ya ganin kowa sai wanda aka tara masa. Mai tattaki kuwa dole dare ya same shi a ƙauye, dole ya nemi wurin kwana, daga nan zai san wa ke da ɗaki, wa ke raɓe. Tattaki ba ya aza tubali ko ɗaya, wannan haka ne, kuma in ba a bayyana wa jama'a inda kuɗin gudunmawa ya shiga ba, to, ya zama yawon neman suna. Amma da wani zai tashi daga ƙofar fadar Sarkin Lafiya ya bi ta Obi, ya shiga Keana da Awe, garuruwan gishiri, har ya dangana da Tunga a bakin kogi, yana riƙe da littafi yana rubuta gidan da ya rushe da inda mai shi yake kwana yanzu, da ni da abokan aikina mun sami abin bugawa na makonni, da kuma takardar da za a ajiye a gaban majalisar dokokin jiha lokacin kasafin kuɗi.